Wasan Zuga a Amurka: Ya Wuce Rawa

Duk mai kallon finafinan Amurka ya taɓa ganin 'yan mata a bakin fili suna tsalle suna yi wa 'yan ƙwallo kirari. Shi ne ciyalidin, wanda a Hausa za mu iya kira wasan zuga. Da yawa sun ɗauka rawar mata ce kawai, alhali maza ne suka fara shi a Jami'ar Minesota a 1898. Mata ba su rinjaya ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A yau akwai ƙungiyoyin da ba sa zuga kowa, gasa suke yi tsakaninsu. Minti biyu da rabi ake ba kowace ƙungiya, amma sai an shafe watanni ana atisaye. Mutum uku ko huɗu za su cilla yarinya sama, ta yi alkafura, su cafe ta. Hannu ɗaya ya makara, to wuyanta ne a ƙasa. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan matan sakandare ke samu a wasanni daga nan suke fitowa, ta nemi a ɗauke shi cikakken wasa. Matsayin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ke kawo ƙwararren koci da kulawar likita. Sai a 2021 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba ƙungiyar wasan ta duniya cikakkiyar amincewa, ko da yake har yanzu ba a sa shi cikin gasar Olamfik ba.