Shin Ko Kun San? Ogoja, Ƙaramin Jirgin da Ya Ga Yaƙi Biyu

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin jiragen ruwan da suka fi shan wuya a yaƙin basasar Najeriya ya girmi ita kanta rundunar sojin ruwan ƙasar? A 1956 aka kafa rundunar, shi kuwa NNS Ogoja tun 1942 aka ƙera shi a Amurka. A lokacin ko suna ba shi da shi, sai lamba: PC-468. Tsawonsa bai wuce mita 53 ba.

Aikinsa rakiya. Dattawan Gafasa da Gaya da Ajingi da suka ji labarin fatauci a bakin kakanninsu za su gane shi nan take, domin matsayinsa ɗaya da masu kwari da baka da ke tafiya a gefen ayarin goro daga Gwanja. Ba ya ɗaukar kaya. Yana kewaya manyan jiragen dako ne, yana sauraron ƙarƙashin ruwa da na'ura, in ya ji motsin jirgi mai nutso sai ya zuba masa bama-baman da ke fashewa a can ƙasa.

Shin ko kun san shugaban ƙasa ne ya miƙa shi ga sarauniya hannu da hannu? Ranar 6 ga Agusta 1942, a Washington, Shugaba Roosevelt na Amurka ya damƙa shi ga Sarauniya Wilhelmina ta Holan, wadda sojojin Hitila suka mamaye ƙasarta tun 1940. Aka raɗa masa sunanta, aka tura shi tekun Karibiyan. A lokacin, a tsibiran Curaçao da Aruba akwai manyan matatun da ke tace ɗanyen man Benezuwela domin jiragen saman ƙasashen ƙawance, kuma a Fabrairun 1942 Jamusawa sun nutsar da jiragen dakon mai a bakin Aruba. A nan ya zauna har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yana kai ayari yana dawo da ayari. Irin wannan aiki ba ya samun kirari, amma da babu shi da jiragen sama da yawa ba su tashi ba.

Yadda ya zo hannunmu kuwa, Najeriya ce ta ba kamfanin Holan kwangilar ƙera mata babban jirgin yaƙi, NNS Nigeria, sai aka ba ta aron wannan tsoho ta riƙa lallaɓawa kafin a gama. Aro ya zama kyauta, jirgin kuma ya koma NNS Ogoja.

Shin ko kun san mai ne ya sake jefa shi cikin wuta? A Yulin 1967, makonni kaɗan da ɓarkewar yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta tura dakarun Benjamin Adekunle ta ruwa su ƙwace Bonny, tashar da ake lodin ɗanyen mai. Ogoja, ƙarƙashin Akin Aduwo, na cikin jiragen da suka kutsa kogin, domin ƙaramin jirgi na shiga inda babba ke tsoron tabo. A can ya yi arangama da Ibadan, jirgin Najeriya da ya koma hannun Biyafara, ya kuma ragargaza shi. Abin da ke sosa mini rai a wannan artabu shi ne, watanni kaɗan kafin ranar, hafsoshin jiragen biyu kaki ɗaya suke sawa, tuta ɗaya suke sara wa.

A Oktoban shekarar ya sake raka sojoji zuwa Kalaba. Ƙarshensa bai zo ta harsashi ba: a Oktoban 1969 ya kafe a kusa da Brass, bai sake tashi ba, saura wata uku yaƙi ya ƙare. Aduwo kuwa ya kai ga zama babban hafsan sojin ruwan Najeriya a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari.