Bayan Bugun Zuciya, Akwai Sauran Rayuwa

Ɗan'uwa, ita ma zuciya tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita da jini. Idan gudan jini ya toshe ɗaya, naman wurin yakan fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya.

Ka san alamunsa: nauyi a ƙirji kamar an ɗora maka buhun gero, ciwon yana miƙawa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa mai sanyi da sarƙewar numfashi. Idan ya wuce minti 15, kada ka ɗora wa zafin Garwa laifi, kada kuma ka jira gari ya waye. A kai ka asibiti nan take.

A asibiti za a yi maka gwajin ECG, a ba ka asfirin ka tauna. Allurar narkar da gudan jini tana amfani cikin awa 12 na farko, amma ta fi aiki a awa biyu na farko. Wanda ke bukatar a buɗe masa jijiya ko a yi masa tiyata, akan tura shi kudu; a da akan tura irinsu Cibiyar Zuciya ta Shisong da ke Kumbo, wadda aka buɗe a 2009. Hanyar da nisa, ga kashe kuɗi. Shi ya sa zuwa da wuri ya fi.

In an sallame ka, naman zuciya yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya warke ya bar tabo. Fara da ɗan tattaki a tsakar gida da sanyin safiya, kana ƙarawa kullum. Noman auduga da ɗaukar kaya su jira izinin likita. Haka ma azumi: tambaye shi tukuna.

Sha maganinka kullum, ko da ka ji garau. Yawancin magungunan nan na har abada ne, kuma barinsu yakan jawo bugu na biyu. Kada ka saya a hannun masu talla a kasuwa. Bar taba kwata-kwata. Uwargida ta rage gishiri da dunƙulen magi da mai a miya. Kifin Binuwai da wake da zogale sun fi maka nama mai kitse. Riƙa zuwa awon hawan jini da na sukari.

Mutane da yawa sun koma gona da kasuwa bayan wannan ciwo, sun ga jikokinsu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba ka lafiya.