Inshorar Mota da ta Gida a Zangunan Akra: Ma'anarta da Hanyoyin Neman Diyya

1.0 Gabatarwa

Nima da Maamobi suna daga cikin manyan zangunan birnin Akra na ƙasar Gana, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci da tashar mota. Gidajen waɗannan unguwanni a cunkushe suke, da yawansu kuma na gado ne masu ɗakunan haya barkatai. Iyalai da dama da mota suke ci, ko tasi, ko tirotiro, ko motar ɗaukar kaya. Saboda haka gobara ɗaya ko haɗari ɗaya ya isa ya raba iyali da abin da suka shekara suna tarawa. A daren 3 ga Yuni, 2015, ruwan sama ya cika kogin Odaw, wanda magudanar Nima ke zuba a cikinsa, wuta kuma ta tashi a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Fiye da mutum 150 suka rasu, gidaje da motoci masu yawa suka salwanta. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda inshora take aiki a Gana, da abin da take ɗauka, da abin da ba ta ɗauka, da matakan neman diyya.

2.0 Ma'anar Inshora da Kalmominta

Kalmar inshora ararriya ce daga Ingilishi. Tana nufin yarjejeniya tsakanin mutum da kamfani, inda mutum zai riƙa biyan ƙayyadadden kuɗi, galibi shekara-shekara, shi kuma kamfani ya ɗauki alkawarin biyan asarar da aka ambata idan ta auku. Ta yi kama da adashi ta fuskar tara kuɗin jama'a wuri ɗaya. Inda suka bambanta shi ne, a adashi kowa yana da ranar kwasarsa, a inshora kuwa wanda asara ta faɗa wa kaɗai ake ba.

Akwai kalmomi huɗu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ta farko ita ce kuɗin zubi, wato abin da mai inshora ke biya. Ta biyu takardar yarjejeniya, wadda ta ƙunshi sharuɗɗa. Ta uku diyya, kalmar da aka aro daga Larabci. Asalinta fansar rai ko rauni ce a shari'a, amma ma'anarta ta faɗaɗa har ta haɗa da biyan kowace irin asara. Ta huɗu ita ce kason mai inshora, wato ɓangaren asarar da mutum zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya biya sauran.

Hukumar Inshora ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIC, ita ke ba kamfanoni lasisi tana sa musu ido. Dokar da take aiki da ita yanzu ita ce Dokar Inshora ta 2021 mai lamba 1061, wadda ta maye gurbin ta 2006 mai lamba 724. Tun shekarar 2014 hukumar ta kafa ƙa'idar cewa in ba a biya kuɗin zubi ba, to babu inshora. Ke nan alkawarin baki tsakanin mutum da wakilin kamfani ba ya kare kowa.

3.0 Inshorar Mota

Tun 1958 doka ta wajabta wa duk motar da za ta hau hanya a Gana ta mallaki inshorar mutum na uku. Mutum na farko shi ne mai mota, na biyu kamfani, na uku kuwa duk wanda motar ta cutar, kamar mai tafiya a ƙasa, ko fasinja, ko mai wata motar. Idan aka kashe shi ko aka ji masa rauni, kamfani ne zai biya. Idan dukiyarsa aka lalata, kamfani zai biya har zuwa wani adadi da aka rubuta a takarda, abin da ya haura kuma yana wuyan mai mota. Wannan inshora ba ta gyara motar mai ita. A nan ne direbobi da yawa kan yi zaton an cuce su, alhali abin da suka saya ke nan.

Nau'i na biyu ya ƙara da gobara da sata a kan na farko. Na uku shi ne cikakkiyar inshora, wadda ke gyara motar mai ita ko da shi ne da laifi. Ta fi sauran tsada domin ana lissafa kuɗinta ne bisa darajar motar. Kamfanoni kan yi rangwame ga wanda ya shekara bai nemi diyya ba.

A da, takardun jabu sun yi yawa a tashoshi. A shekarar 2020 NIC ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci, ta yadda fasinja ko ɗan sanda zai danna *920*57# a wayarsa, ya sa lambar mota, ya ga ko inshorarta tana da rai. Mai ƙetare iyaka zuwa Lome ko Kwatano ko Legas kuma yana buƙatar katin inshora na ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka amince da tsarinsa a Kwatano a 1982.

3.1 Wa Ke Tuƙi, Kuma Don Me?

A gidan da mota ɗaya ke yi wa mutum biyar hidima, wannan tambaya tana da nauyi. Wata takardar ta amince da duk wanda mai mota ya ba izini, wata kuwa sai waɗanda aka rubuta sunayensu. A kowane hali dole direba ya kasance da lasisin hukumar DVLA mai rai, wanda ya dace da irin motar. Alal misali, idan maigida ya ba ɗansa mabuɗi ya kai mahaifiyarsa kasuwa, yaron kuma ba shi da lasisi, to an karya sharaɗi, kamfani yana iya ƙin gyara motar. Haka kuma motar da aka yi wa inshorar hawan gida, idan aka mayar da ita ta haya ba tare da sanar da kamfani ba, an sauya abin da aka ƙulla yarjejeniya a kansa.

4.0 Inshorar Gida

Doka ta wajabta inshorar gobara a kan gine-ginen kasuwanci, amma gidan zama zaɓin mai shi ne. Inshorar gida kashi biyu ce: ta gini da ta kayan ciki. Mai gida ne ke yi wa gini, ɗan haya kuma ya yi wa kayansa. Inshorar mai gida ba ta biyan katifar ɗan haya ko keken ɗinkinsa. Idan gidan na gado ne, ya kamata magada su amince da sunan da za a rubuta tun kafin a biya kuɗi, domin kamfani ba ya biyan wanda bai iya nuna haƙƙinsa a kan dukiyar ba.

Takardar gobara zalla ba lallai ta haɗa da ambaliya ba. Sau da yawa sai an nemi a ƙara ta, tare da iska mai ƙarfi da girgizar ƙasa, wadda ta taɓa yi wa Akra ɓarna a 1939. Ga wanda gidansa ke bakin magudanar ruwa, wannan ne sharaɗin da zai fara dubawa. Idan kuma an buɗe shago a zaure, ko ana dafa abincin sayarwa da gas a tsakar gida, wajibi ne a faɗa wa kamfani.

Wani abin lura shi ne darajar da aka rubuta. A ɗauka sake gina gida zai ci sidi 400,000, amma mai shi ya rubuta 200,000 don ya rage kuɗin zubi. Idan gobara ta yi ɓarnar sidi 100,000, kamfani zai biya 50,000 ne kawai, domin rabin darajar gidan aka yi wa inshora. Tunda farashin siminti da kwano yana hawa, ya dace a sabunta adadin duk shekara.

5.0 Matakan Neman Diyya

Idan haɗarin mota ya auku, bayan an kai masu rauni asibiti, sai a sanar da 'yan sandan kula da hanya, a ɗauki hotuna, a rubuta lambobin motoci da sunayen shaidu. Daga nan a sanar da kamfani ba tare da jinkiri ba. Kada direba ya amsa laifi a rubuce ko ya yi sulhun kuɗi kafin kamfani ya sani, kada kuma a kai mota gareji a fara gyara kafin jami'insu ya duba ta. Takardun da akan nema sun haɗa da rahoton 'yan sanda, da lasisin direba, da ƙiyasin makaniki, da rahoton likita tare da rasiɗan magani. Idan rai aka rasa, za a nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu mai nuna wakilin magada. Wannan yana da muhimmanci a Zango, inda ake gaggauta jana'iza bisa koyarwar Musulunci, a manta da takardu sai daga baya.

A gobarar gida kuwa, rahoton hukumar kashe gobara da jerin kayan da suka ƙone su ne ginshiƙi. Wanda ya adana rasiɗai da hotunan kayansa a wani wuri dabam ya fi samun sauƙi. Idan kamfani ya ƙi biya ko ya yi ta jan ƙafa, ana iya kai kuka sashen koke-koke na NIC, bayan haka kuma akwai kotu. Wanda mota marar inshora ta buge, ko wadda ta gudu ba a gane ta ba, yana iya neman taimako daga asusun diyya da hukumar ke kula da shi.

6.0 Matsayin Malamai

Da yawa daga mazauna Zango kan tambayi halaccin inshora. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda jahilcin abin da za a samu, ta kuma amince da ta taimakon juna. Wasu malamai, irin su Mustafa al-Zarƙa na Siriya, sun halatta ta. Daga wannan muhawara ne takaful ya fito, tsarin da mahalarta ke ba da gudummawa a matsayin kyauta ga asusun kowa. An kafa kamfaninsa na farko a Sudan a 1979. Game da inshorar da hukuma ta wajabta, malamai da dama suna ganin lalura ce, babu laifi a kan wanda ya yi ta.

7.0 Kammalawa

An ga cewa inshora tana biyan abin da aka rubuta ne kawai, ga wanda ya cika sharuɗɗa. Galibin rigimar diyya tana tasowa ne daga abubuwa uku: rashin karanta takarda, ɓoye wa kamfani gaskiya, da jinkirin kai rahoto. Takardun da Ingilishi ake rubuta su, saboda haka wanda bai ƙware ba ya nemi amintacce ya fassara masa kafin ya sa hannu. Wannan fage ne da ɗaliban Hausa za su iya yi wa al'umma aiki a cikinsa. Hausawa dai sun ce tun ran gini, ran zane.