Jan ruwa a gaɓar teku: ƙaruwa yake yi, ko mu ne muka ƙara sa ido?

Ka san gansakukar nan da ke lulluɓe kududdufi idan ruwa ya daɗe a kwance? To, teku ma yana da irin tasa, sai dai ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya. Yawancinsu alheri ne, domin da su ƙananan halittun da kifi ke ci suke rayuwa. Amma idan suka samu ɗumi da abinci fiye da kima, cikin 'yan kwanaki sai su hayayyafa har ruwa ya rine ja ko ruwan ƙasa. Wasu dafi suke fitarwa. Wasu kuma sai sun mutu suke ɓarna, don bakteriyar da ke ruɓar da su takan shanye iskar oksijin, kifi ya shaƙe. A 2016, miliyoyin kifin salmon ne suka mutu a gonakin kifi na kudancin Chile.

Shin abin ƙaruwa yake yi? Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2023 ya duba hotunan tauraron ɗan'adam daga 2003 zuwa 2020, ya gano yawan aukuwarsa a gaɓar tekunan duniya ya ƙaru da kusan kashi 59 cikin ɗari, faɗin da yake mamayewa kuma da kashi 13. Amma kada ka yi saurin yanke hukunci. Tauraro launi yake gani, ba ya bambanta mai dafi da marar dafi.

Wani binciken na 2021 ya bi rahotannin ɓarna kusan 9,500 daga 1985 zuwa 2018, bai ga ƙaruwa ta bai ɗaya ba: nan ya hau, can ya sauka. Inda aka ƙara gwada ruwa da kafa gonakin kifi, nan rahotanni suka yawaita. A ganina ba saɓani ba ne, kowanne abin da ya ƙirga daban.

Je ka Tekun Seto na Japan, inda aka daɗe ana ƙirge. Lokacin bunƙasar masana'antu, dattin birane da na masana'antu ya cika ruwan da naitirojin da fosfaras, wato sinadaran da ke cikin takin zamani. A 1976 an ƙirga jan ruwa sau 299. Doka ta 1973 da matakan da suka biyo baya suka rage abin da ake zubawa, adadin ya sauko zuwa kusan 100 a shekara.

Abin mamaki, daga baya masu noman nori, ciyawar teku da Japanawa ke ci, suka koka cewa ruwan ya rame, ganyensu ya koɗe. A 2021 aka gyara dokar, aka ba larduna damar ƙara waɗannan sinadarai da awo a wasu sassan tekun.