Zanen tsuntsaye da fensir: Me ake koyo a cikinsa?

A ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da ke arewacin jihar Kaduna a Najeriya, duk wanda ya bi ta fadamun rake da tumatir da sassafe zai ga balbelu na bin shanu, kurciyoyi kuma na kiwo a gefen gona.

Yaran yankin sun san sunayen waɗannan tsuntsaye, amma ba kowa ne zai iya faɗin launin ƙafar balbela ko tsawon bakinta ba.

Irin wannan lura ce ake koya idan mutum ya zauna gaban abu ya zana shi da fensir, maimakon ya kwaikwayi hoto.

Yadda ake farawa

Kayan aikin dai ba su wuce takarda da fensir da abin goge rubutu ba.

Bakin fensir haɗi ne na yumɓu da wani baƙin ma'adini, dabarar da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya ƙirƙiro a shekarar 1795. Fensir mai alamar H ya fi tauri, ya dace da siraran layuka, mai alamar B kuma ya fi laushi da baƙi, don haka da shi ake yin inuwa.

Akan fara ne da abin da ba ya motsi, kamar ganyen kuka ko gaɓar rake ko barkono, kafin a koma kan zabi da tantabarun gida.

Da yake tsuntsu ba ya jira, mai zane kan fitar da gangar jikin a siffar ƙwai, kan kuma a siffar ƙwallo, cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya ƙara baki da ƙafafu da gashi.

A nan ne ɗalibi kan gano cewa gaɓar da ake ɗauka gwiwar tsuntsu ce mai lanƙwasawa baya, a zahiri idon sawu ce, ainihin gwiwar tana ɓoye cikin gashi.

Amfani ga ɗalibai

A jarrabawar WAEC da NECO ta ilimin halittu, akan ajiye wa ɗalibi ganye ko ƙwaro ko ƙashi, a buƙaci ya zana shi da fensir ya kuma sanya sunayen sassansa. Wanda bai saba duban abu da kyau ba yana iya asarar maki, ko da ya haddace littafi.

Haka kuma Zariya, wadda ba ta da nisa da yankin, tana da tsohon sashen koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello. A kwalejin da ta zama jami'ar a 1962 ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958.

Sai dai kuma akwai saɓani tsakanin malaman addinin Musulunci kan zana abu mai rai. Wasu na ganin bai halatta ba, wasu kuma na sassautawa idan don neman ilimi ne, yayin da akasarinsu ba sa ganin laifi a zanen itatuwa da tsirrai.

Tsuntsayen da ke ɓacewa

A 2015 ne ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, bayan da yawanta ya ragu matuƙa sakamakon guba da kuma farautarta don haɗa magungunan gargajiya.

Gauraka ma, wanda ya shahara a tatsuniyoyin Hausawa, ya yi wuyar gani a Najeriya.

Don haka zanen da aka rubuta wa rana da wurin da aka yi shi yana iya zama shaida.

Ɗalibin da ke zana shamuwa duk shekarar da ta sauka a garinsu gabanin damina, bayan 'yan shekaru zai iya nuna ko lokacin zuwanta ya sauya, ko kuma ta daina zuwa.