Sankarar Ƙwan Mace: Wane Gwaji Ya Kamata Inshora Ta Biya Wa Tsofaffin Guri?

Sankarar ƙwan mace ba ta shigowa da sallama. Tana tsira ne a ɗaya daga cikin gidajen ƙwai biyu da ke gefen mahaifa, can cikin ƙugu inda hannu ba ya kaiwa, kuma ta fi kama matan da suka daina al'ada. Dattijuwa a Kadira ko Abunabo, a ƙaramar hukumar Guri ta jihar Jigawa, za ta ga zanen da take ɗaurawa shekara da shekaru ya fara ƙin haɗuwa a ciki, alhali wuyanta da damatsanta suna ramewa. Ta yi loma biyu ta tuwo ta ture kwano, ta ce ta ƙoshi. Fitsari ya riƙa matsa mata, mara ta yi nauyi. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba da farin ruwan magani. In wata uku ya wuce ba sauƙi, a koma jiƙe-jiƙe, wani lokaci ma a fara zancen sammu. Ranar da za a ɗauke ta zuwa asibitin Haɗeja, sau da yawa ciki ya riga ya tara ruwa, cutar ta bazu. Duk wanda ya ga haka, tambayar da za ta fara zo masa ita ce: tun da yanzu akwai inshorar lafiya ta gwamnati, me zai hana a gwada kowace tsohuwa kyauta tun ba ta kwanta ba?

Tambayar tana da madafa a doka. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, kuma ta ambaci tsofaffi a cikinsu. Tun kafin nan, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A Jigawa, hukumar taimakekeniyar lafiya ta JICHMA ce ke rajistar jama'a a mazaɓu 287 na jihar. Kenan haƙƙin tsohuwar Guri a kan kuɗin inshorar gwamnati ba abin musu ba ne. Abin da za a tattauna shi ne inda ya fi dacewa a zuba kuɗin, kuma ra'ayina shi ne kada inshora ta biya kuɗin bi gida-gida ana gwada matan da ba su da wata alama. Ta biya, cikin gaggawa kuma ba tare da ja-in-ja ba, kuɗin gwajin wadda alamu suka bayyana a jikinta, ta kuma raka ta har ƙarshen hanya.

Dalilin yana cikin gwajin kansa. Abu biyu ake yi: a ɗebi jini a auna wani sinadari da ake kira CA-125, wanda aka gano a 1981, sannan a yi sikanin ɗin mara. In sinadarin ya kai 35 a ma'aunin ɗakin gwaji, sai a fara zargi. To amma kusan rabin matan da cutar take matakin farko a jikinsu, jininsu ba ya nuna komai, sai a sallame su da albishir na ƙarya. Ɗaya gefen kuma ya fi muni. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mata sama da 78,000 masu shekara 55 zuwa 74, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2011, waɗanda aka riƙa gwadawa duk shekara ba su fi sauran tsira daga mutuwa ba. Mata 3,285 gwaji ya nuna kamar suna da cutar alhali ba su da ita. Aka yi wa 1,080 daga cikinsu tiyata, 163 suka gamu da matsala mai tsanani sakamakon aikin. Birtaniya ta maimaita da mata sama da 200,000, ta bi su kimanin shekara 16, ta fitar da sakamako a 2021: an ɗan ƙara gano cutar da wuri, amma adadin mace-mace bai ragu ba. Hatta Medicare, inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, ba ta biyan kuɗin wannan gwajin jini don tantance mai lafiya, sai don bibiyar wadda ake yi wa magani.

Wani zai ce ai wannan binciken Turawa ne, masu asibiti a kowace unguwa; mu da ba mu da komai, ko wane gwaji ya fi babu. Ina ganin hujjar ta juya ne ta sari mai ita. CA-125 yakan tashi in wani abu ya dami fatar da ta lulluɓe kayan ciki: tarin fuka na ciki, ciwon hanta da ya tara ruwa, ƙarin mahaifa, gazawar zuciya. Waɗannan kuwa ba baƙi ba ne a Arewa, balle a fadamar kogin Haɗeja inda mutane ke wuni cikin ruwa wajen su da noman shinkafa, tsargiya tana cin rabonta. Gwajin da ya yi ƙararrawar ƙarya dubbai a Amurka zai fi yin ta a nan. Sannan kowace ƙararrawa tana da farashi da mutumin Landan bai sani ba: a sayar da tunkiya ko buhun shinkafa, a yi kuɗin mota zuwa Dutse ko Kano, mai jinya ta bar gida da jikoki, a kwana a barandar asibiti, daga ƙarshe a fasa cikin tsohuwa mai shekara 65 a tarar ba komai. In aka yi haka sau biyu a gari ɗaya, ta ukun da take da cutar da gaske ba za ta yarda ta je ba.

Akwai kuma maganar tukunya ɗaya da cokula da yawa. Kuɗin da za a kashe wajen gwada dubban mata masu lafiya, daga wani wuri za a cire shi. Sankarar bakin mahaifa, wadda ta fi wannan kashe matan Najeriya, tana da gwaji mai araha da aka tabbatar yana ceton rai, tana kuma da rigakafi da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023. Hawan jini da ciwon suga ma suna nan suna jiran tsofaffin.

Abin da ya kamata a kwaikwaya shi ne tsarin da Ingila ta bi tun 2011: mace, musamman wadda ta haura 50, in tana fama da kumburin ciki, saurin ƙoshi, ciwon mara ko yawan fitsari a kai a kai, kamar fiye da sau 12 a wata, a auna mata CA-125 nan take, in ya tashi a tura ta sikanin. A irin wannan mace gwajin yana da ma'ana, domin zargi ya riga ya yi ƙarfi. Wannan yana buƙatar ma'aikaciyar ƙaramin asibitin Musari da ke Guri ta san cewa "Iya, tun yaushe cikin nan yake kumbura?" tambaya ce ta aiki, ta kuma san yadda ake yi wa dattijuwa ita a keɓe, don kunya ba za ta bari ta faɗi ciwon mara a gaban ɗanta ko surukinta ba. Yana buƙatar katin inshora ya yi aiki a inda aka tura ta, ko babban asibitin Haɗeja ne, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ma asibitin tarayya na Nguru, wanda yake jihar Yobe amma maƙwabcin Guri ne. Ita kuwa wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi sankarar nono ko ta ƙwai, lissafinta daban ne, domin cutar tana bin jini a wasu zuri'o'i. Ita likitan mata ya kamata ta gani ko da lafiyarta ƙalau.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne cewa jiran alamu jiran makara ne, kuma akwai gaskiya a ciki: mafi yawan masu wannan cuta, a ko'ina a duniya, ana gano su ne bayan ta yi nisa. Amma makara hawa-hawa ce. Wadda aka gano wata biyu da fara kumburi, tana iya tashi da ƙafarta, ana iya yi mata tiyata ta kuma jure maganin da ake ɗurawa ta jijiya. Wadda aka kawo a kan tabarma bayan shekara guda, sai dai a rage mata ruwan ciki. Sai dai gano cutar ba tare da kuɗin magani ba, sanar da mutuwa ne kawai, kuma a nan giɓin yake: asusun tallafin masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar nono, ta bakin mahaifa da ta prostate ta maza, ban da ta ƙwan mace, a asibitoci shida, mafi kusa da Jigawa su ne na Zariya da Gombe. Tsohuwar Guri da aka ce mata gwaji kyauta ne, tiyata da magani kuwa nata ne, a watan Satumba da ruwa ya shanye hanya sai an hau kwalekwale kafin a kai titi, 'ya'yanta za su karɓi takardar, su yi godiya, su mayar da ita gida.