Kamfanonin Waya Sun Yi Wa Ɗaliban Bauchi Caa

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauchi

Duk wanda ya bi ta ƙofar Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Yelwa sa'ad da ɗalibai suka komo daga hutu, ba zai rasa ganin laimomi ba, wata ruwan ɗorawa, wata ja, wata koriya. A ƙarƙashinsu samari ne da lasifika, suna ta kiran ɗalibai su zo su yanki layi. Haka abin yake a Gwallameji, wajen Kwalejin Fasaha ta Tarayya.

Jama'a, wa ya ga canjin zamani! A 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki, layi ɗaya yakan kai Naira 20,000 ko fiye, kiran minti guda kuwa Naira 50. Ɗalibi ina shi ina wannan? Sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan farashi ya fara sauka. Daga nan kamfanoni suka gane cewa yaron da aka kama yana aji ɗaya, da wuya ya sake lamba bayan ya kama aiki. Etisalat ya fito da EasyCliq domin matasa, MTN kuma yana da Pulse.

To, amma ina gizo yake saƙar? Yanzu cinikin ba na kira ba ne, na data ne. Rajista ta intanet ake yi, takardun lacca kuma ta WhatsApp suke yawo. Mafi arahar data ita ce ta tsakar dare, wadda kafin gari ya waye ta ƙare. Yaro ya kwana yana latse-latse, ga lacca ƙarfe takwas. Garaɓasar da ake shela da lasifika kuwa galibi tana da wa'adi, amma wannan a ƙananan rubutu yake.

Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanoni su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100.

Saboda haka 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, in ɗanku ya bugo daga Bauchi yana neman kuɗin data, ba lalle ƙarya yake yi ba. Amma ku tambaye shi tsarin da ya shiga, na wata ne ko na dare, kuma ko kamfani yana sabunta masa shi da kansa ba tare da ya nema ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi cinye kati shiru.